Ƙaimi da Linzami: Karona na Farko a Ƙara wa Kwamfuta Gudu

Kowace na'ura da ɗan Adam ya ƙera tana zuwa da wata lamba da maƙerinta ya rubuta a jikinta. A gefen babbar mota akan rubuta nauyin kayan da za ta ɗauka, a jikin ƙwan lantarki kuma akan rubuta yawan wutar da yake sha. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Dawanau ya ga yadda ake loda buhunan hatsi, ya san cewa lambar da ke gefen mota ba ita ce ƙarshen ƙarfinta ba. Motar takan ɗauki fiye da haka ta isa inda za ta, wani lokaci kuma ta kwanta a hanya. Ashe ke nan lambar alkawari ce. Maƙeri yana cewa, muddin ba a wuce nan ba ya ɗauki alhakin abin da zai faru, in kuwa aka wuce to ya rage tsakanin mai kaya da sa'arsa.

Haka abin yake ga firosesa, wato ɗan ƙaramin ƙarfen nan mai kusurwa huɗu da ke zaman ƙwaƙwalwar kwamfuta. Shi ma yana zuwa da lambar gudunsa a rubuce, kuma tun da daɗewa akwai masu sha'awar tura shi ya wuce wannan lamba. Masu sana'ar suna kiran aikin obakulokin, ni kuwa na fi son in kira shi sa wa kwamfuta ƙaimi. Na fara gwada shi a watan Janairu na shekarar 2017, kuma bayanin abin da na gani a wannan karo na farko shi ne maƙasudin wannan rubutu.

Agogon da ke cikin kwamfuta

Kafin a fahimci ƙarin gudu, wajibi ne a san mene ne gudun. A cikin kowace kwamfuta akwai wani agogo da ba ya nuna lokaci, aikinsa kawai bugawa, kamar yadda makaɗin noma ke buga ganga manoma suna sara a tare. Da kowane bugu firosesa yakan yi taku ɗaya na lissafi. Ana auna yawan bugun da ma'aunin da ake kira haz, sunan da aka ɗauko daga wani masanin kimiyya Bajamushe, Heinrich Hertz. Bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa shi ne megahaz, bugu biliyan ɗaya kuma shi ne gigahaz.

Firosesan farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa a 1971, mai lamba 4004, yana bugu 740,000 ne a daƙiƙa. Kwamfutar tebur da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana gudun megahaz 4.77. A shekarar 2000 kamfanin AMD ya kai gigahaz 1 da firosesansa Athlon, sannan zuwa 2004 Pentium 4 na Intel ya kai gigahaz 3.8. Daga nan sai hawan ya yi sanyi, domin an tarar da katangar zafi. Maimakon a ci gaba da ƙara bugu, daga 2005 sai kamfanonin suka koma sa cibiyoyin lissafi biyu, daga baya huɗu ko fiye, a cikin firosesa guda, su raba aiki tsakaninsu.

Gudun firosesa kuwa lissafi ne mai sauƙi da ɗan aji huɗu zai iya. Akwai bugun tushe da babban allon kwamfuta ke bayarwa, wanda masu gyara ke kira bod, akwai kuma lambar ninki da ke cikin firosesan. In bugun tushe megahaz 100 ne, lambar ninki kuma 33, to gudun ya zama megahaz 3,300, wato gigahaz 3.3. Wanda ke son ƙarin gudu dole ya ɗaga ɗaya daga cikin waɗannan lambobi biyu.

Daga ina rarar ta fito?

Mai karatu zai iya tambaya, in dai firosesa na iya gudun da ya fi wanda aka rubuta, me ya hana kamfani ya rubuta babbar lambar ya sayar da tsada? Amsar tana cikin yadda ake ƙera shi. Akan zana ɗaruruwan firosesa a kan faifan silikon guda mai faɗin milimita 300, sannan a yanka su ɗaya-ɗaya. Ko da yake zanen ɗaya ne, ba sa fitowa daidai da juna, kamar dai tukwanen da aka gina da yumɓu ɗaya aka gasa a wuta ɗaya, amma in an ƙwanƙwasa kowace da irin amonta. Don haka akan gwada su a rarraba su aji-aji. Lambar da za a rubuta wa aji guda dole ta zama wadda mafi rauni a ajin zai iya ɗauka, a ɗaki mai zafi, da fanka mai araha, na tsawon shekaru. Bayan wannan akwai sha'anin kasuwa. In masu neman mai araha sun fi yawa, kamfani kan ɗauko mai kyau ya rubuta masa ƙaramar lamba don kada kasuwa ta wuce shi.

Shahararren misali a tarihin wannan sana'a shi ne Celeron 300A na shekarar 1998. Bugun tushensa megahaz 66 ne, ninkinsa 4.5, gudunsa 300. Sai mutane suka gano cewa in an mayar da bugun tushen 100, da yawansu sukan yi gudun 450 lafiya lau, su kama ƙafar Pentium II da ya ninka su kuɗi. A wannan zamani ne kuma Intel ya kulle lambar ninki a yawancin kayansa, saboda wasu 'yan damfara sukan goge lambar asali su buga babba su sayar wa jama'a. Daga baya kamfanin ya riƙa fitar da wasu na musamman da ba a kulle ba, waɗanda sunansu ke ƙarewa da harafin K.

Irin wannan ne ya faɗo hannuna: Core i5-2500K, wanda ya fito a farkon 2011. Yana da cibiyoyi huɗu, an rubuta masa gigahaz 3.3, kuma da kansa yakan ɗaga zuwa 3.4 in duk cibiyoyin suna aiki, ko 3.7 in guda ce kawai ke aiki. Na saye shi na hannu a cikin kwamfutar da ta zo daga Ikko, yana da shekara shida a duniya, a kan bod mai lamba Z68, ɗaya daga cikin waɗanda ke ba da damar taɓa lambar ninki.

Abin da ya kai ni

Ruwa ba ya tsami banza. Ni ba mai wasan kwamfuta ba ne, ba kuma sha'awar gasa ce ta kai ni ba. Wani malamina da ya yi ritaya ya damƙa mini kaset-kaset na bidiyo guda 40, waɗanda ya ɗauka a shekarun 1990 yana hira da tsofaffin marina da majema da maƙera. Mafi yawan dattawan sun riga mu gidan gaskiya, kaset ɗin kuma sun fara lalacewa saboda zafi da ƙura. Aikina shi ne in kwafe su cikin kwamfuta, in tace hoton daga rawa da ɗige-ɗigen tsohon kaset, sannan in matse kowane ya zama ƙaramin fayil da za a iya adanawa. Tacewa da matsewar kaset guda kan ci wa kwamfutar awa uku cur. Wutar unguwarmu kuwa a wancan lokaci da wuya ta wuce awa biyu da rabi a zama ɗaya, kuma in ta ɗauke ana tsakiyar aiki sai a koma farko. Akwatin batirin da ke tsakanin kwamfutar da soket minti goma kawai yake iya riƙe ta. Saboda haka rabin awa ce ke tsakanina da gama aikin, ba ni kuma da kuɗin sabuwar kwamfuta.

Sai dai hatsarin ma a fili yake. Kwamfutar nan na yi watanni ina tara kuɗinta. Ƙarin gudu kan soke garanti, kayan hannu kuwa ba su da garantin ma tun farko. In firosesan ya ƙone babu wanda zan kai wa ƙara.

Da na je sayen kayan sanyaya shi, saurayin da ke shagon ya tambaye ni abin da zan yi da fanka mai girma haka. Da na faɗa masa, sai ya dube ni ya ce, "Malam, in ka ji shawarata, lambar gudu ka taɓa ta yadda kake so, in ta yi yawa injin zai tsaya ne kawai. Amma wuta, ka ji tsoron wuta. Ita ce ke kashewa." Na ce masa na gode, na kuma riƙe maganar, domin ta dace da duk abin da na karanta.

Shiri

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani, don haka kwana biyu na yi ina shiri kafin in taɓa lamba ko guda. Da farko na kwashe duk abin da na riga na kwafa na adana a wani faifai na daban, na cire shi daga jikin kwamfutar na sa a durowa. Sannan na buɗe akwatin na hure ƙurar hunturu da ta toshe ko'ina. Na cire 'yar fankar da ta zo da firosesan, na kankare busasshen man da ke tsakaninsu, na ɗiga sabo kamar ƙwayar gero biyu. Amfanin wannan mai shi ne ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin iskar da ta maƙale a ciki ba ta barin zafi ya wuce. A kai na ɗaura sabon masanyayin, mai bututun tagulla da ke janye zafi zuwa wasu siraran faranti, da fanka mai faɗin santimita 12 tana hura su.

Bayan haka na tanadi manhajoji uku. CPU-Z tana nuna ainihin gudun firosesa da ƙarfin wutar da yake sha. Core Temp tana nuna zafin kowace cibiya. Ta ukun ita ce Prime95, wadda labarinta ke da ban sha'awa. Wani Ba'amurke mai suna George Woltman ya rubuta ta, kuma tun 1996 ake amfani da ita wajen farautar manya-manyan lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu ko da ɗaya. Saboda lissafinta yana da nauyi ƙwarai, kuma tana da amsoshin da aka riga aka sani da take gwada nata da su, sai ta zama ma'aunin gaskiyar firosesa. In ya yi kuskure ko na ɗigo ne, za ta tsaya ta faɗa.

Abu na ƙarshe shi ne littafin rubutu mai shafi 40 irin na 'yan makaranta. Na ja layi huɗu: ninki, wuta, zafi, sakamako. A layin farko na rubuta yadda na sami injin: ninki 34 in yana cikin aiki, wuta kimanin bolt 1.20, zafi digiri 52 a ma'aunin Salshiyas, kaset guda awa uku. Wanda bai san inda ya tashi ba, ba zai san nisan da ya yi ba. A saman shafin kuma na rubuta wa kaina iyaka biyu tun kafin zumuɗi ya kama ni: wuta ba za ta wuce 1.35 ba, zafi ba zai wuce 75 ba. Shi firosesan sai ya kusa digiri 98 yake rage gudu da kansa don ya tsira, amma ba na son in zauna kusa da bakin rijiya.

Hawan matakala

Ana yin wannan aiki ne a wani shafi da ake kira BIOS, wanda ke buɗewa in an danna maɓallin Delete da zarar an kunna kwamfuta, kafin komai ya taso. Shafi ne mara ado, jerin sunaye da lambobi kawai, amma duk abin da aka rubuta a can bod zai bi ba musu. Na nemo layin ninki na goge abin da ke ciki na rubuta 38. Na daɗe yatsana na kan maɓallin adanawa kafin in danna. Allo ya yi baƙi, fankoki suka yi shiru, bayan daƙiƙa uku da suka yi mini kamar awa sai suka sake tashi, injin ya yi ɗan kukan nan guda da ke nuna lafiya. CPU-Z ta nuna megahaz 3,800. Na kunna Prime95 na minti 20, zafi ya tsaya a 57, babu kuskure. Na rubuta.

Daga nan sai na riƙa hawa: 40, sannan 41, sannan 42. Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya tak a kowane karo, a gwada, a rubuta. In aka canza biyu a tare injin ya faɗi, ba za a san wanda ya kayar da shi ba. Aiki ne mai gundura, rabinsa zaman jira ne ana kallon lambobi huɗu na zafi suna hawa da sauka, amma sannu ba ta hana zuwa.

A 43 ne allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, kwamfutar ta sake kunna kanta. Wannan alama ce da na san za ta zo. Ma'anarta ita ce, ƙananan makunnan da ke cikin firosesa, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, ba sa iya kunnuwa da mutuwa cikin ɗan lokacin da sabon bugun ya ba su. Maganin shi ne a ƙara musu ƙarfin wuta. A nan kuma ainihin cinikin yake. Zafin da firosesa ke fitarwa yana hawa daidai da gudu, amma game da ƙarfin wuta ninki biyu yake yi, wato ana ninka ƙarin da kansa. Alal misali, daga 3.4 zuwa 4.4 ƙarin gudu kashi 29 ne cikin ɗari. Daga bolt 1.20 zuwa 1.30 ƙarin kashi 8 ne kawai, amma in an ninka shi da kansa sai ya zama kashi 17. In an haɗa biyun, zafin ya ƙaru da fiye da rabi, alhali gudun bai ƙaru da ko sulusi ba. Ban da zafi, wuta mai yawa takan riƙa zaizayar siraran hanyoyin ƙarfe da ke ciki a hankali, kamar yadda ruwan sama ke cin gefen kwalbati, har wata rana firosesan ya kasa yin ko gudunsa na asali. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa.

Saboda haka da ɗigo-ɗigo na riƙa ƙara wutar, 0.01 a kowane karo. Ninki 43 ya zauna a 1.27. Ninki 44 ya zauna a 1.30, zafi 68. Ninki 45 kuwa sai da ya kai ni 1.35, daidai kan iyakata, zafi 75, kafin ya haye gwajin minti 20. Mai lura zai ga yadda kuɗin kowane mataki ke ƙaruwa. Matakan farko kyauta na same su, na ƙarshe kuwa shi kaɗai ya ci abin da ya fi na wanda ya gabace shi.

Tsarin aikin ya buƙaci in san inda katangar take, don haka na rubuta 46 ba tare da ƙara wuta ba. Wannan karon fankoki suka tashi amma allo bai haska ba, babu kuka, babu rubutu. Na kashe na kunna, haka. Ko da yake na san maganin tun kafin in fara, sai da gabana ya faɗi, domin karatu daban, ganin baƙin allo da tsakar dare daban. Na zare wayar wuta, na buɗe akwatin, na ciro ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan bod, wanda ke riƙe wa BIOS abin da aka rubuta mata. Na jira minti biyar na mayar. Da na kunna sai ga kukan nan guda, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Da littafina a hannu, cikin minti biyu na mayar da lambobina zuwa 45.

Kuskuren da ba ya ihu

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk aikin ya faru ne a wannan mataki na 45. Kwamfutar tana tashi lafiya, tana buɗe komai, a ido ba ta da wani aibu. Na sa mata dogon gwaji. Bayan minti 40 sai Prime95 ta tsayar da cibiya ta uku, ta rubuta cewa amsar da ta samu ba ta yi daidai da wadda ake tsammani ba. Sauran cibiyoyi uku suna ta aikinsu, allo bai yi shuɗi ba, babu abin da ya motsa. Da ba don wannan manhaja ba, da babu yadda za a yi in sani.

Na zauna ina tunanin abin da wannan ke nufi ga aikina. Kwamfutar da ta faɗi ta yi wa mai ita adalci, domin ta sanar da shi. Wadda ke tsaye tana kuskure jefi-jefi ita ce abar tsoro. Za ta iya matse hirar wani dattijon marini ta ba ni fayil mai kamar lafiyayye, sai bayan shekaru, lokacin da kaset ɗin asali ya riga ya mutu, a tarar da wani yanki ya dagule. Gudun da ba gaskiya a cikinsa bai da amfani ga mai lissafi ko mai adana tarihi. Na koma 44 da wuta 1.30. Washegari na zuba wa ƙaramin janareto mai, na bar gwajin ya yi awa takwas ba tsayawa, cibiyoyi huɗu suka fito babu kuskure ko ɗaya. Sai a lokacin na ɗauko faifan da na ɓoye a durowa.

Kaset na farko ya gama cikin awa biyu da minti 25. Lissafi ya ce ya kamata ya fi haka sauri da 'yan mintuna, amma ba firosesa kaɗai ke aikin ba, akwai faifan ajiya da sauran sassa da ba su san an ƙara gudu ba. Duk da haka minti 35 da na samu su ne abin da nake nema. Daga ranar, yawancin kaset kan gama kafin wuta ta ɗauke.

Hunturu da bazara

Akwai wani abu da yawancin bayanan da na karanta ba su damu da shi ba, saboda marubutansu a ƙasashen sanyi suke. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take turawa. In ɗaki ya ƙara digiri goma, firosesa ma zai ƙara kimanin haka. Na yi gwajina ne a daren Janairu, ɗakin yana wajen digiri 24. A Kano kuwa zafin Afrilu yakan kai 40 da rana. Tun a watan Janairu na rubuta a littafina cewa za a sake awo in bazara ta shigo. Da lokacin ya yi, ninki 44 da ke ba ni 68 sai ga shi yana ba ni 82. Na sauko zuwa 42, na rage wuta zuwa 1.24, zafi ya dawo ƙarƙashin iyakata, kaset guda ya koma awa biyu da rabi da 'yan mintuna. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tun daga nan kwamfutar ta zama mai riga biyu, ta hunturu da ta bazara, kuma duk wata sai na hure mata ƙura. Wannan ya nuna mini cewa lambar da wani ya samu a Jamus ko Kanada ba ta zama hujja a ɗakina ba, ko da kuwa kayanmu iri ɗaya ne.

Yadda abin yake a yau

Rarar da na ci moriyarta ta ragu ƙwarai a sababbin kaya. Kamfanoni sun koya wa firosesa ya riƙa auna zafinsa da wutarsa yana ɗaga gudunsa da kansa har kusa da iyakarsa. AMD ya bar lambar ninki a buɗe a yawancin jerin Ryzen na tebur tun fitowarsu a 2017, a 2023 kuma Intel ya sayar da firosesan da ke kai gigahaz 6 daga cikin kwalinsa. Masu gasa suna nan suna abinsu da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, har a ƙarshen 2022 suka haye gigahaz 9 da ruwan hiliyom wanda ya fi shi sanyi, sai dai gudu ne na ɗan lokaci don a ɗauki hoton lamba, ba a yin aiki da shi. Cewa wuta ce ke kashewa kuwa ya tabbata har a kan maƙeran kansu. A 2024 Intel ya bayyana cewa wasu firosesansa na tebur na zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta wuce kima, abin da ke sa su tangaɗi, ya fitar da gyara ya kuma ƙara wa garantinsu shekara biyu.

Saboda haka wanda ya sayi sabuwar kwamfuta a yau ba lalle ne ya sami abin kirki a wannan hanya ba. Mai kwamfutar cinya kada ma ya fara, domin ba ta da wurin fitar da zafi. Kwamfutar ofis ko ta makaranta kuwa amana ce, ba a gwaji da kayan da ba naka ba. Wanda abin zai amfana shi ne mai tsohuwar kwamfutar tebur tasa ta kansa, mai firosesa buɗaɗɗe, wanda ke da wani aiki takamaimai da 'yan mintuna za su yi masa rana, kuma zai iya jure asarar in ta zo.

A ƙarshe, na gama kaset 40 ɗin kafin damina ta sauka, na mayar wa malamina da su tare da kwafi biyu a faifai daban-daban. Firosesan ya ci gaba da aiki shekaru bayan haka a riga biyun nan tasa. In an tambaye ni abin da ya fi wuya a aikin, ba na cewa rubuta babbar lamba, domin wannan kowa zai iya cikin daƙiƙa biyar. Abin da ya fi wuya shi ne ganin 45 ta tashi tana aiki a gaban idona, in sa hannu in goge ta in rubuta 44, saboda wata cibiya guda ta yi kuskure guda a cikin minti 40.